Turmi Ɗaya, Taɓare Miliyan

Mace ɗaya a bakin turmi ƙarfinta kawai take bukata. Ta ɗaga taɓarya, ta sauke, in ta gaji ta tsaya ta share zufa, geron ba inda za shi. Amma da zarar sun zama biyu ko uku a kan turmi guda, sai aiki ya tashi daga damtse ya koma kunne. Ta wannan tana sauka, ta waccan tana tashi, ta ukun tana sama tana jiran gurbinta, har gwanar cikinsu ta cilla tata ta tafa hannu ta cafe, ba ta ɓata wa kowa zubi ba. In ɗaya ta yi gaggawa ko ta yi nawa daidai ƙiftawar ido, taɓare su gwabza, hatsi ya watse, wani lokaci har yatsa ya sha. Lugude ke nan. Wanda ya fahimce shi ya riga ya kama bakin zaren abin da malaman kimiyya a jami'o'in Yale da Oxford da Delft da Innsbruck da Hefei suka shafe shekara 40 suna fama da shi, wato kwamfutar kwantam.

Abin da aka fi yaɗawa a kanta shi ne wai tana gwada dukkan amsoshi a lokaci guda, ta tsinto ta gaskiya. Maganar tana da daɗin faɗi, masu neman jari kuma suna sonta, sai dai ta bar asalin sirrin a waje. Da yawan hannu ne kawai, da sai a jera kwamfutoci dubu kowace ta ɗauki kasonta, kamar a jera turame dubu a fili kowace mace da nata. Ana yin haka kullum, ba sabon abu ba ne. Sabon shi ne taɓare da yawa a turmi ɗaya, da kuma lokacin da kowace ke sauka.

Kwamfutar da muka saba da ita, har wayar da ke aljihu, da bit take lissafi, ko 0 ko 1, kamar taɓaryar da ba a aiki da ita: ko tana tsaye a cikin turmi, ko tana kwance a gefe. Kubit kuwa, wato bit na kwamfutar kwantam, taɓarya ce a tsakiyar lugude. Tana da rabo a sama, tana da rabo a ƙasa, sannan tana da wani abu na uku da taɓaryar kwance ba ta da shi, wato zubinta, inda ta faɗo a cikin kiɗan idan aka gwama ta da 'yan uwanta. In mutum ya matsu sai ya san inda take, ya kama hannun mai daka ya tsayar da ita, amsa ɗaya zai samu, sama ko ƙasa, zubin kuma ya mutu nan take. Haka awon kubit yake. Kafin a auna, kubit 2 sai da lambobi 4 ake iya bayyana halin da suke ciki, kubit 10 sai da 1,024, kubit 300 kuwa lambobinsu sun fi yawan ƙwayoyin zarra da ke duk sararin da ɗan Adam ke iya hangowa. Amma ranar da aka auna, bit 300 ne kacal za su fito. Duk waccan dukiya tana nan ne muddin ba a leƙa ba.

To ina amfanin dukiyar da ba a iya ɗebowa? Amfanin yana cikin karon taɓare. A tsakar gida karo asara ne. A wannan lissafi kuwa da gangan ake shirya shi. Akwai hanyoyi da yawa da lissafin zai bi ya kai ga kowace amsa, kowace hanya da nata zubin. Gwanin tsara lissafi yana daidaita su ta yadda hanyoyin da ke kaiwa ga amsar banza za su iso a tare su yi karo su kashe juna, waɗanda ke kaiwa ga amsar gaskiya kuma su riƙa sauka bi da bi suna ƙara wa juna ƙarfi. In an gama aka auna, abin da ya fi yiwuwa ya fito shi ne wanda ya sha duka. Wannan tsari wuya gare shi ƙwarai, shi ya sa matsalolin da aka gano musu irin wannan kiɗa ba su da yawa har yau.

Richard Feynman na jami'ar Caltech ne ya fi jan hankalin mutane zuwa ga batun, a wani taro da MIT da IBM suka shirya a 1981. Hujjarsa mai sauƙi ce: ƙananan halittu irin su lantarki da ƙwayar zarra a bisa dokokin kwantam suke tafiya, kwamfutarmu kuma tana shaƙewa in aka ce ta kwaikwaye su, don haka a gina na'urar da ita ma a kan waɗannan dokoki take. David Deutsch na Oxford ya zayyana siffar irin wannan na'ura a 1985. Daga nan magana ta zauna a hannun 'yan tsiraru, har 1994 da Peter Shor, wanda a lokacin yake Bell Labs kafin ya koma MIT, ya nuna yadda za ta warware babbar lamba ta fito da lambobin da aka ninka aka same ta. A ido abin kamar wasan 'yan firamare ne, amma wuyar wannan lissafi ita ce ƙwaɗon da ake kira RSA, ɗaya daga cikin makullan da ke tsare sirrin banki da saƙonni a intanet. Sai gwamnatoci suka miƙe zaune. Da aka zo gwadawa a aikace a 2001, masu bincike na IBM da jami'ar Stanford sun yi amfani da kubit 7 suka gano cewa 15 ita ce 3 sau 5. Wanda ya yi dariya bai yi laifi ba, amma ranar ce aka ga luguden ya tafi daga farko har ƙarshe bai watse ba.

Akwai wurin da misalin ya gaza, kuma gazawar tasa ta fi dacewarsa koyarwa. Mata biyu suna lugude, in ka ga taɓaryar ɗaya a sama, ka san ta ɗayar tana ƙasa ko ba ka duba ba. Kubit biyu ma ana iya sarƙe su haka, awon ɗaya ya gaya maka na ɗayan ko da an raba su nesa. Sai dai matan sun yi yarjejeniya tun kafin su fara, kowace ta san gurbinta. Albert Einstein da abokan aikinsa biyu sun ɗauka a 1935 cewa ƙwayoyin ma haka suke, akwai wata yarjejeniya a ɓoye da ilimin kwantam bai gano ba. John Bell ya zo a 1964 ya yi lissafin iyakar daidaituwar da kowace irin yarjejeniyar farko za ta iya bayarwa, ya nuna cewa dokokin kwantam sun ce za a zarce wannan iyaka. Aka shiga gwaji. John Clauser a Berkeley, Alain Aspect a Faransa, Anton Zeilinger a Ostiriya, su ukun da suka raba kyautar Nobel ta 2022. A 2015 ƙungiyar Ronald Hanson a jami'ar Delft ta ƙasar Holan ta sarƙe lantarki biyu a cikin ƙananan duwatsun daimon da ke gine-gine biyu masu tazarar kilomita 1.3, ta toshe manyan kafofin da masu shakka ke fakewa da su. An zarce iyakar Bell. Babu wasu mata biyu a duniya da za su iya irin wannan daidaito in ba sa jin juna. Duk da haka ba a iya aika saƙo ta wannan hanya ya riga haske gudu, domin kowane ɓangare shi kaɗai ba ya ganin komai sai sakamako barkatai, sai an haɗa takardun biyu daidaiton ke bayyana.

Yanzu ga inda yawancin gumin masana ke zuba. Kowa ya san abin da ke kashe lugude: yaro ya tsala kuka, a yi sallama daga zaure, akuya ta sako kai cikin ƙwarya, ɗaya ta waiga. Waigen nan kaɗai ya isa. Kubit ya fi amarya saurin waige. Ɗumi kaɗan, girgizar bene, wayar lantarki da ke kusa, har haskoki masu ƙarfi da ke faɗowa daga sararin samaniya, duk leƙe ne a wurinsa, leƙe kuma awo ne. Kubit na farko da aka yi da da'irar lantarki, wanda Yasunobu Nakamura da abokansa suka gina a kamfanin NEC na Japan a 1999, bai riƙe zubinsa ya wuce 'yan kaso cikin biliyan na daƙiƙa ba. A 2007 ƙungiyar Robert Schoelkopf da Michel Devoret da Steven Girvin a Yale ta fito da wani fasali da ake kira transmon, wanda bai cika damuwa da hayaniyar lantarki ba, shi ne kuma IBM da Google suka gina nasu a kai. Yau ana samun masu riƙewa har kusan kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Gajere ne, amma ya ninka na farko sama da sau dubu ɗari.

Don a kai nan sai da aka rufe tsakar gidan ruf. Irin waɗannan kubit a cikin wani firiji suke zama wanda sanyinsa ya kai digiri 273 ƙasa da sifili, saura kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari na digiri ya taɓa ƙarshen sanyin da zai yiwu a duniya. Sararin samaniya mai nisa ma ya fi shi ɗumi. Wannan abu mai kama da fitilar zinariya mai wayoyi da ake nunawa a hotuna, mafi yawansa cikin firijin ne, ainihin kwamfutar wani ɗan guntu ne a can ƙasa. Wasu kuma wata hanya suka bi. Ignacio Cirac da Peter Zoller a jami'ar Innsbruck sun ba da shawara a 1995 a rataye ƙwayoyin zarra masu caji a cikin bututun da aka zuƙe wa iska, a riƙa taɓa su da hasken leza, a shekarar kuma Christopher Monroe da David Wineland suka gwada a Boulder ta Amurka. A Hefei ta ƙasar Sin ƙungiyar Pan Jianwei da ƙwayoyin haske take aiki. Ɗalibin digiri na uku a irin waɗannan ɗakuna ba ya yini yana tunanin asirin halitta. Yana neman inda iska ke yoyo ne, yana gyara madubin da ya goce, yana jiran firiji ya yi sanyi yini da kwana don ya gano cewa waya ɗaya ta saki, a sake buɗewa.

Amma komai rufe gida, kuskure sai ya shigo. A kwamfutar yau maganinsa sauƙi ne: a kwafi bayani sau uku, in ɗaya ya saɓa a bi biyun. A nan hanyar a toshe take ta fuska biyu. William Wootters da Wojciech Zurek sun tabbatar a 1982 cewa ba a iya kwafar kubit da ba a san halinsa ba, in kuma aka duba shi don a ga ko ya yi kuskure, an kashe shi. Manyan masana da dama sun ɗauka nan magana ta ƙare.

Mafitar tana wurin tsohuwar gida. Tana ɗakinta a kan tabarma, ba ta ganin turmin, ba ta san taɓaryar wa ke sama ba. Sai a ji ta ɗaga murya: "Ke amarya, kin cika gaggawa, bi yayarki a hankali." Ba ta tsayar da kowa ba, ba ta kama hannun kowa ba. Abin da kunnenta ya kama shi ne tazarar da ke tsakanin duka da duka, ko wannan da waccan suna tare ko sun saɓa. Daga saɓanin ta gane mai laifi, aka gyara, daka bai tsaya ba. Abin da Shor ya gano a 1995 ke nan, Andrew Steane na Oxford ma ya gano nasa a 1996. A shimfiɗa bayanin kubit ɗaya a kan kubit da yawa, 9 a tsarin Shor, 7 a na Steane, sannan a sa wasu kubit na daban su zama tsohuwar: ba sa tambayar kowa "kai 0 ne ko 1", tambayarsu ɗaya, "kai da maƙwabcinka kun dace ko kun saɓa". Amsar ba ta tona bayanin da ake tsarewa, amma tana nuna inda ɓarna ta faɗa. A ganina a duk fagen nan babu dabarar da ta kai wannan kyau, har da lissafin 1994 da ya fi ta suna.

Sai dai da sharaɗi, kuma duk macen da ta taɓa shirya dakan biki ta san shi. Ƙara ta uku a turmi yana rage aiki ne in ta iya. In 'yar koyo ce, gara a bar biyun, don gyaran ɓarnarta ya fi taimakonta yawa. Tsakanin 1996 da 1998 masana irin su Dorit Aharonov da Michael Ben-Or na Jami'ar Hebrew da ke Ƙudus, da Alexei Kitaev, suka tabbatar da wannan da lissafi: akwai wani mizani na gwaninta. In kuskuren kowane kubit ya gaza shi, ƙara yawa yana ƙara tsaro ba iyaka. In ya haura shi, ƙara yawa ƙara rikici ne. A tsarin da aka fi bi yau, wanda ya samo asali daga aikin Kitaev, mizanin yana wajen kuskure 1 cikin 100. Saboda haka duk sanarwar da ta zo da yawan kubit kaɗai, ba ta faɗi yawan kuskurensu ba, kirari ce.

An daɗe ana hawan wannan tudu. A Disambar 2023 ƙungiyar Mikhail Lukin a Harvard, tare da MIT da kamfanin QuEra, ta riƙe ƙwayoyin zarra har 280 da hasken leza tana jujjuya musu wuri a tsakiyar lissafi, ta haɗa su suka ba da kubit masu tsaro 48. Bayan shekara guda Google ya fito da guntunsa Willow mai kubit 105, ya jera su 3 sau 3, sannan 5 sau 5, sannan 7 sau 7, kowane ƙari kuskure ya ragu da kusan rabi. Wato an sauka ƙasan mizanin. Amma a lura da farashin: kubit kusan 100 aka tara don tsare ɗaya tak, shi ma yana kuskure kusan sau 1 a zagaye 700. Lissafi mai amfani yana bukatar matakai biliyoyi.

Kamfanoni ne ke cin sunan, amma a jami'a aka koyi dakan. Ba a haihuwar yarinya da lugude, da ƙaramar taɓarya take farawa a gefen manya, shekara da shekaru. Google ya ɗauko John Martinis da ɗalibansa ne daga Jami'ar California da ke Santa Barbara a 2014. Shi kansa Martinis ɗalibi ne a Berkeley a tsakiyar shekarun 1980, lokacin da shi da malaminsa John Clarke da Devoret suka nuna cewa da'irar lantarki da ake iya gani da ido tana bin dokokin kwantam, aikin da ya kawo musu Nobel a 2025, bayan shekara 40. Kamfanin IonQ ma daga jami'o'in Maryland da Duke ya fito. Babu kamfanin da zai biya albashi shekara 40 yana jiran abin da ba a san ranar sayar da shi ba.

Wani aikin jami'a kuma, wanda na fi daraja shi, shi ne faɗin "wannan bai daku ba". A 2018 wata ɗaliba 'yar shekara 18 a Jami'ar Texas da ke Austin, Ewin Tang, tana kan aikin da malaminta Scott Aaronson ya ba ta na tabbatar da cewa kwamfutar yau ba za ta iya kamo wani shahararren lissafin kwantam ba, irin wanda ke zaɓo wa mai sayayya kayan da zai so. Ta yi ta fama abin ya ƙi, ƙarshe ta gano dalili: kwamfutar yau tana iyawa. Ɗaya daga cikin manyan misalan da ake tallar fagen da su ya faɗi. A 2019 Google ya ce guntunsa mai kubit 53 ya yi cikin daƙiƙa 200 abin da babbar kwamfuta za ta shekara 10,000 tana yi, IBM ya ce kwana biyu da rabi ya isa, masu bincike a Sin kuma suka ci gaba da rage tazarar. A 2021 mujallar Nature ta janye wata maƙala ta 2018 daga Delft kan wani sabon nau'in kubit, bayan wasu masana biyu, Sergey Frolov da Vincent Mourik, sun nemi ɗanyen bayanan gwajin sun ga bai dace da abin da aka buga ba. Aikin Tang bai ci firiji ba, takarda da biro ya ci. Tun 2016 kuma IBM ya buɗe ƙananan na'urorinsa a intanet, ɗalibin lissafi a Zariya ko Yamai yana iya tura musu aiki daga inda yake zaune.

Ko an gama gina ta, ba za ta kori kwamfutar yau ba. Injin niƙa na unguwa ya karɓe kusan duk aikin gari, ya fi sauri ya fi arha, amma mai son sakwara ta gaske har yanzu turmi yake nema. Rubutu, kallon bidiyo, lissafin albashi, duk na injin ne har abada. Kaɗan ne ayyukan da sai turmi, mafi ƙarfinsu kuma shi ne wanda Feynman ya faro da shi, kwaikwayon ƙwayoyin sinadarai. Manomi ya san dalilin da ake shuka wake a tsakanin gero: a saiwarsa akwai ƙwayoyin halitta da ke kamo sinadarin naitirojin daga iska su mai da shi abincin shuka, a zafin ƙasa na yau da kullum. Masana'antar takin zamani kuwa sai ta hura wuta sama da digiri 400 da matsi mai tsanani kafin ta yi haka, tana cinye kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na makamashin duniya. Wani ɗan dunƙulen ƙarfe da molibdenum ne ke yin aikin a cikin ƙwayar, har yau kuma ba a gama gane yadda yake yi ba. A 2017 masana daga ETH da ke Zurich da Microsoft suka lissafa irin kwamfutar kwantam da za ta iya bincikarsa. Wasu masana sinadarai, irin su Garnet Chan na Caltech, suna ganin kwamfutar yau ba ta gama nuna iyawarta a nan ba. Buhun taki ko ɗaya bai fito daga wannan bincike ba tukuna.

Maganar makulli ita ce ba ta jira. A 2019 Craig Gidney da Martin Ekerå sun ƙiyasta cewa fasa RSA mai bit 2,048 zai ci kubit miliyan 20 cikin awa 8. A 2025 Gidney ya sake lissafi ya ce ƙasa da miliyan 1 za su yi cikin ƙasa da mako guda. Ba na'ura aka inganta ba tsakanin lissafin biyu, dabarar aka gyara. Na'urorin da ke aiki yanzu suna da ɗaruruwa ne zuwa 'yan dubbai, tazarar tana da faɗi. Amma mai son sirrin wani yana iya kwashe saƙonnin da aka kulle yau ya ajiye, ya jira ranar da mabuɗin zai samu. Shi ya sa hukumar NIST ta Amurka, bayan gasar da ta faro a 2016 wadda malaman jami'o'i daga ƙasashe da dama suka shiga, ta fitar da sababbin makullai uku a Agustan 2024, waɗanda kwamfutar yau ke sarrafawa amma lissafin Shor bai san hanyar buɗe su ba. Manhajar saƙonni ta Signal ta fara sauya nata tun 2023, Apple ya bi a 2024, NIST kuma ta ba da shawarar a daina amfani da RSA gaba ɗaya nan da 2035.